Hasumiyar da ba ta taɓa motsi ba: yadda ake hukunta mai jinkirin fitowa a wasan ces

A ƙarshen shekarar 1858, a ɗakin manyan baƙi na wani gidan opera da ke Paris, mutum biyu suka haɗa kai suna shawara don su buga ces da wani saurayi ɗan shekara 21 daga New Orleans ta Amurka, mai suna Paul Morphy. Ɗaya daga cikinsu Karl ne, tsohon mai sarautar Brunswick ta ƙasar Jamus, wanda talakawansa suka kora tun 1830. Ɗayan kuma wani basaraken Faransa ne da ake kira Isouard. Ana cewa Morphy ya fi son kallon abin da ake yi a dandamali, sai ga shi an zaunar da shi ya ba dandamalin baya. Ko wannan ne ya sa shi sauri ko ba shi ba ne, cikin taku 17 ya sallame su.

Wanda ya zo bayan an tashi ya leƙa allon zai iya rantsuwa cewa basarakan ne suka ci. Suna da sarauniya, da hasumiya, da giwa, da doki. Morphy kuwa manyan 'ya'ya biyu kacal suka rage masa. Amma daga cikin huɗun nan na basarakan, biyu suna nan a gidan da aka jera su tun farkon wasa, ko sau ɗaya hannu bai taɓa su ba. Bayanin duka yana wurin waɗannan biyun.

Bari mu daidaita kan sunaye tukuna, don kowa da yadda yake kiran 'ya'yan ces. Sarki da sarauniya da doki ba gardama. Ɗan da ke tafiya a karkace, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa sunan babban limamin coci, Larabawa giwa suke ce masa, ni ma da giwa zan tafi. Na kusurwa mai kama da soro hasumiya ce, ƙananan nan takwas da ke sahun gaba kuma dakaru. Idan an kai wa sarki farmakin da dole ya kare kansa nan take, zan ce an yi masa hattara. Takun nan na musamman da sarki ke matsawa gida biyu, hasumiya ta tsallake shi ta tsaya kusa da shi, shi ne shiga ganuwa. A rubuce, N doki ne, B giwa, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki; alamar x ci ce, + hattara, # kuma mutuwar sarki. Kowane gida a allo yana da suna na harafi (a zuwa h) da lamba (1 zuwa 8), kamar e4; in an rubuta sunan gida shi kaɗai, dakare ne ya taka, O-O-O kuma shiga ganuwa ce ta gefen sarauniya. A lissafin da aka saba, dakare maki 1 ne, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9.

Lokacin da aka jera 'ya'ya, dakaru da dawakai ne kaɗai ke iya motsi. Sauran duk a kulle suke a bayan sahu. Kafin rundunar mutum ta zama mai amfani, yana bukatar taku kamar takwas: biyu na dakarun tsakiya don a buɗe ƙofa, huɗu na fitar da dawakai da giwaye, ɗaya na shiga ganuwa, ɗaya kuma na ɗaga sarauniya don hasumiyoyi biyu su ga juna. Kowa taku ɗaya yake samu a zagaye, ba a saye, ba a rance. Saboda haka duk takun da ka kashe a wani abu dabam, ko korar dakaren gefe, ko sake motsa ɗan da ya riga ya fito, ko tura sarauniya kiwo, daga cikin takwas ɗin nan ka zara.

To amma jinkirin abokin karawa ba ya cin wasa da kansa. A nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. Fifiko iri biyu ne a ces. Idan ka fi mutum da doki guda, hatsi ne a rumbu. Ko bayan taku arba'in yana nan yana jiranka. Idan kuwa ka fi shi fitowa ne da taku uku, kayan gwari ka ɗauko. Ka yi zaune da kwandon tumatir kana jiran farashi, bayan taku uku shi ma ya fito, sarkinsa ya shiga ganuwa, kwandon ya zama ruwa. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, ya tsaya a kan cewa mai fifiko wajibi ne ya kai hari, in ba haka ba fifikon ya kuɓuce masa. Maganar ta fi zama daidai a kan fifikon fitowa fiye da kowane iri.

Ga yadda Morphy ya sayar da nasa kayan da ɗuminsu. Shi ne Fari.

1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4

Taku biyun farko na Baƙi ba laifi. Na ukun ne ya fara jawo matsala, ko da yake a ido fitowa ce: giwa ta fito ta sa wa dokin f3 dabaibayi, tunda in ya motsa sarauniya za ta tafi. Sai Morphy ya ci 4.dxe5. In Baƙi ya rama da dakare nan take, Fari zai yi musayar sarauniya a d8, dabaibayin ya kwance, doki ya ɗauke e5 a banza. Dole ta sa suka buga 4...Bxf3 5.Qxf3 dxe5. A tsaya a duba abin da ya faru: ɗa ɗaya tilo da Baƙi ya fitar ya yi taku biyu ya bar allo, kuma a kan hanyarsa ta fita ya jawo sarauniyar Fari waje kyauta. Ba wanda ya rasa ko maki ɗaya, amma Baƙi ya koma kamar bai fara wasa ba.

6.Bc4 Nf6 7.Qb3 Qe7

Giwa ta fito c4 da barazanar kisa a f7, gidan da sarki kaɗai ke tsaro a farkon wasa. Doki ya tare hanya. Sai sarauniya ta zame zuwa b3, inda take kallon wuri biyu: f7 ta bayan giwarta, da dakaren b7 da ba mai tsaronsa tun da giwar Baƙi ta bar gida. Masu koyarwa kullum suna cewa kada a motsa ɗa ɗaya sau biyu a farkon wasa, kada kuma a fito da sarauniya da wuri. Morphy ya karya duka biyun a nan, kuma bai yi asarar komai ba, domin takun nasa ya tilasta amsa. In Baƙi ya yi sakaci, giwa za ta ci f7 da hattara, sarauniya ta sauka e6, wasa ya ƙare. Amsar da suka samu, 7...Qe7, ta tsare f7, amma ta tsaya a ƙofar giwarsu ta f8. Giwar ba ta fita, sarki ba ya shiga ganuwa ta wannan gefe, hasumiyar h8 kuma ta zama 'yar kallo. Taku ɗaya ya rufe 'ya'ya uku a ɗaki.

Yanzu ga dakaren b7 a fili. Morphy zai iya cinsa: 8.Qxb7 Qb4+ 9.Qxb4 Bxb4+, ya fi su da dakare guda, ya lallaɓa ya ci wasan a taku hamsin ko sittin. Ana jingina wa Emanuel Lasker, zakaran duniya na biyu, cewa wannan da ya zama aikin mahauci, alhali Morphy gwanin zane ne. Maganar da daɗin ji, sai dai ni ina ganin akwai lissafi a ciki fiye da ƙawa. Cin b7 zai sa a yi musayar sarauniya, ya kuma buɗe wa giwar f8 ƙofar da masu ita suka rufe da hannunsu. Wato ka karɓi maki ɗaya, ka yafe musu duk bashin lokacin da kake binsu. Morphy ya ga bashin ya fi maki ɗaya daraja.

8.Nc3 c6 9.Bg5

Taku biyu masu sanyi, babu ci, babu hattara. Baƙi ya tura c6 don sarauniyarsa ta riƙa ganin b7, ya kuma hana doki sauka d5, amma ya toshe gidan da dokinsa na b8 ya fi so. Giwar Fari ta biyu ta fito ta dabaibaye dokin f6 a gaban sarauniya. A ƙirga yanzu. Fari yana da sarauniya, giwa biyu da doki a fili, kuma sarkinsa na iya shiga ganuwa ta kowane gefe a taku ɗaya. Baƙi yana da doki ɗaya da ba ya iya motsi, da sarauniyar da ta zama ƙyaure. Har zuwa nan Morphy bai yi wani abin mamaki ba. Fitowa kawai yake yi, sai dai kusan kowace fitowa tana ɗauke da tambayar da dole a amsa, amsar kuma ba ta barin Baƙi ya yi nasa aikin.

9...b5 10.Nxb5 cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O

Basarakan sun so su kori giwar c4 su sha iska. Da ta ja da baya, da sun samu takun da suke nema. Maimakon haka doki ya faɗa kan dakaren, Morphy ya ba da maki 3 ya karɓi 2. Abin da ya saya da ragowar makin hanya ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma runduna komai yawanta, in babu layin da za ta bi ta isa ga sarki, taron kallo ce. Da dakarun b da c suka kau, karkatacciyar hanyar da ta tashi daga b5 ta miƙe har gaban sarki. Taku na 12 kuwa shi ne wanda na fi so a wasan duka: sarkin Fari ya ɓuya, kuma a cikin takun nan guda hasumiya ta sauka a layin d, wanda yake buɗe tun taku na biyar, tana kallon dokin d7 da ba shi da ikon gudu.

12...Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1

Nan ne gaɓar da ta cancanci a daɗe a kanta. Morphy ya ba da hasumiya ya karɓi doki. Wanda ke ƙirga maki zai ce Baƙi ya fi shi da hasumiya sukutum, in aka cire dakaru biyu. Amma a tambaya: ina ake faɗan? A gidan d7 ake yi. Su wa suka halarta? Ta gefen Fari, sarauniya, giwa biyu, da hasumiyar da ta taso daga h1 ta maye gurbin 'yar'uwarta a taku ɗaya; wato duk abin da ya mallaka. Ta gefen Baƙi, hasumiyar d7 a ɗaure take a gaban sarki, dokin f6 a ɗaure a gaban sarauniya, sarauniyar kuma tana gadi. Giwar f8 da hasumiyar h8, maki takwas cur, suna cikin littafin ajiya amma ba sa filin daga. Morphy yana iya sake cika sahu bayan kowace musaya, su kuwa ba su da mai shigowa. Shi ya sa musaya, wadda a ka'ida take taimakon mai yawan kaya, a nan take cutar da shi: duk mai tsaron da aka cire ba a maye gurbinsa.

14...Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8#

Sarauniya ta kauce don ta kwance dokin, ta kuma nemi musaya, amma lokaci ya ƙure. Morphy ya jefar da tasa sarauniyar don kawai ya janye dokin daga layin d, hasumiya ta sauka d8, giwar g5 na tsaronta. A lissafin maki Baƙi na da 25, Fari na da 15.

Mutane sun fi tuna kyautar sarauniyar nan, har wasu su ɗauka darasin shi ne a yi ta jefar da 'ya'ya. Ni kuwa ina ganin taku na 16 shi ne mafi sauƙi a wasan. Duk wanda ya ɗan goge zai gano kisa cikin taku biyu in an ajiye masa allon. Wahalar tana a taku na 8 da na 9, inda abinci ke gabanka ka ƙi ci, ka tafi kiran sauran mutanenka.

A yi wa basarakan adalci kuma. Ba gwanaye ba ne, kuma wanda ya zauna gabansu shi ne wanda, a watan Disamba na wannan shekara, ya doke Adolf Anderssen na Jamus da ci 7, aka ci shi 2, aka yi kunnen doki 2, alhali ana ɗaukar Anderssen a matsayin gwanin Turai. Sai dai irin wannan faɗuwa ba ta tsaya kan 'yan koyo ba. A Vienna, a 1910, Savielly Tartakower, wanda ya zama ɗaya daga manyan 'yan wasan zamaninsa, ya faɗa rami ɗaya a hannun Richard Réti cikin taku 11:

1.e4 c6 2.d4 d5 3.Nc3 dxe4 4.Nxe4 Nf6 5.Qd3 e5 6.dxe5 Qa5+ 7.Bd2 Qxe5 8.O-O-O Nxe4 9.Qd8+ Kxd8 10.Bg5+ Kc7 11.Bd8#

Laifin Tartakower ya ma fi na basarakan nauyi, don shi da kansa ya fasa tsakiya da 5...e5 alhali sarkinsa na zaune a gida. Sannan ya kashe taku biyu da sarauniya wajen dawo da dakaren, ɗaya daga cikinsu ma ya taimaka wa giwar Fari ta fito ta share wa sarkinta hanyar ganuwa. Da Réti ya bar doki kamar ya manta da shi, kwaɗayi ya ƙarasa sauran. Taku na 10 hattara biyu ce a lokaci guda, daga giwa da kuma hasumiyar da giwar ta buɗe wa hanya, irin wadda ba a tare ta, ba a cin mai yin ta, sai dai sarki ya gudu. Da ya koma e8, hasumiya ce za ta sauka d8 da giwar g5 a bayanta, hoton Paris sak, bayan shekara 52.

Abin da wasannin biyu suka haɗa a kai a bayyane yake: sarki a tsakiya, layin d a buɗe, da mai harin da ba ya barin abokin karawarsa ya numfasa. Daga nan ake fitar da ka'idar da ta fi kowace amfani a wannan babi. Wanda ya riga fitowa shi ke neman a buɗe wasa, ya yi musayar dakarun tsakiya, ko ya ba da ɗaya don layi ya buɗe. Wanda ya makara kuwa rufewa ta fi masa, ya kulle tsakiya, ya guji duk abin da zai tsaga bango har sai mutanensa sun fito.

Akwai wata fahimta ta gurguwa da ake yawan gani a wasannin intanet, a Lichess ko Chess.com, musamman wurin sababbi. Mutum ya ji an ce a kai hari da wuri, sai ya buga 1.e4 e5 2.Qh5, ya bi da giwa c4, yana fatan kisa a f7 a taku na huɗu. Wanda bai sani ba zai faɗa sau ɗaya ko sau biyu. Wanda ya sani kuwa zai buga 2...Nc6 3.Bc4 g6 4.Qf3 Nf6, in sarauniyar ta sake zagawa b3 doki ya tare ta da Nd4. Kowace barazana ana amsa ta da fitowa, sarauniya na ta yawo, dawakan Fari na barci. Mai harin shi ne ya zama mai jinkirin. Bambancin wannan da 7.Qb3 ta Morphy shi ne irin amsar da ake tilasta wa abokin karawa. Tasa ta sa Baƙi ya toshe ƙofar gidansa. Wannan kuwa tana sa Baƙi ya yi abin da dama yake son yi. Don haka kafin ka yi barazana, duba amsar da za a ba ka: in amsar za ta fitar masa da ɗa zuwa gida mai kyau, kai ka biya kuɗin motar.

Tun da lokaci yana da daraja haka, sai aka fara sayensa da gangan. Wannan shi ne gambit: ka miƙa dakare tun farko don abokin karawa ya ɓata taku wajen ci da riƙewa. Tsofaffin malamai sun yi masa farashi, suka ce taku uku na fitowa sun kai dakare ɗaya a buɗaɗɗen wasa. Awo ne na kusa, kada a riƙe shi kamar sikeli. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, Kyaftin William Evans, ya fito da nasa a shekarun 1820: bayan 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 sai 4.b4, giwa ta ci, a kore ta da c3, a bi da d4, tsakiya ta zama ta Fari. An daɗe ana yi masa kallon kayan tarihi, sai ga Garry Kasparov ya zaro shi a Riga a 1995 ya doke Viswanathan Anand da shi cikin taku 25.

Maganin gambit kuma sananne ne, sai dai zuciya ba ta son shan sa. A gambit ɗin da ake dangantawa da Denmark, Fari na ba da dakaru biyu: 1.e4 e5 2.d4 exd4 3.c3 dxc3 4.Bc4 cxb2 5.Bxb2. Giwaye biyu sun miƙe suna kallon gefen sarki, Baƙi bai fitar da ko ɗa ɗaya ba. Wanda ya rungume dakarun nan biyu yana iya tsira, amma zai sha wuya, kuskure ɗaya kuma ya ishe shi. Wanda ya san hanya sai ya mayar da abin mutane: 5...d5 6.Bxd5 Nf6 7.Bxf7+ Kxf7 8.Qxd8 Bb4+ 9.Qd2 Bxd2+ 10.Nxd2. Sarauniyoyi sun tafi, kowa na da dakaru biyar, harin ya mutu. Da dakare aka sayi lokacinsa, da dakare ya fanso shi. Wannan ne abin da basarakan Paris ba su yi tunani ba. Har zuwa taku na 9 suna ta ƙoƙarin kada su rasa ko ɗaya.

Sai dai kada a ɗauki maganar fiye da inda ta tsaya. Ba kowane jinkiri ake iya hukuntawa ba, kuma wanda ya ƙudura sai ya hukunta abin da ba laifi ba shi zai ji jiki. A cikin tsarin buɗewar da ake kira Ruy Lopez akwai reshen Breyer, inda a taku na 9 Baƙi ke ɗaukar dokin da ya fitar tun taku na biyu ya mayar da shi gidansa na b8, don ya sake fitowa ta d7. In aka bi lissafin takun nan takwas, wannan ɓarna ce tsagwaronta. Amma Boris Spassky ya daɗe yana buga shi, kuma har yau manya na yi. Dalili shi ne sarkin Baƙi ya riga ya shiga ganuwa, dakarun tsakiya na tsaye suna tokare juna, babu layin da Fari zai bi ya isa ko'ina cikin taku biyun da aka ba shi. Yawan takun da ka fi mutum da su ba ya aiki sai da abu biyu: abin da za a kai wa hari, da hanyar zuwa wurinsa. In ɗaya ya ɓace, gara ka ci gaba da gyara gidanka.

Wurin da gardamar ta fi zafi shi ne reshen nan na tsarin Sicilian da ake yi wa laƙabi da dakare mai guba:

1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6 6.Bg5 e6 7.f4 Qb6 8.Qd2 Qxb2

Wannan shi ne ainihin abin da ake hana yara. Baƙi ya fitar da doki ɗaya tak, ya tura sarauniya can ƙuryar gidan abokin gaba don dakare guda, sarkinsa na tsakiya. Da Morphy ya gani, da wataƙila ya gyara zama. Amma Bobby Fischer ya riƙe wannan reshe shekara da shekaru yana cin mutane da shi, Kasparov ma ya buga shi, kuma binciken kwamfuta bai rushe shi ba. Abin da ya raba shi da wasan Paris shi ne dakarun d6 da e6 suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a gaban sarki, babu layin da ya buɗe tukuna, kuma cin b2 ya raunana gidajen da ke kewaye da dokin c3. Fari na da hari na gaske, sai dai dole ya ƙara zuba kaya kafin bangon ya tsage, Baƙi kuma dole ya san kowane taku kamar karatun allo. Tafiya ce a kan siraɗi, kuma masu yin ta sun san haka.

Ko Fischer ma ta taɓa zame masa. A karawar neman kambun duniya da ya yi da Spassky a Reykjavik ta ƙasar Iceland a 1972, ya ci dakaren b2 a wasa na 7 aka tashi kunnen doki. Ya sake cinsa a wasa na 11. A taku na 14 Spassky ya yi abin da ba wanda ya zata: ya ɗauki dokinsa na c3 ya mayar da shi gidansa na b1. Mai hukunta jinkiri ya koma baya da kansa, domin ya lura abin harin a wannan allo sarauniyar da ta yi nisa da gida ce, kuma dokin daga b1 ya taɓa ta, ya kuma buɗe wa dakaren c hanya. Daga nan aka yi ta korar ta daga gida zuwa gida, dakarun Fari na matsowa, har aka rufe ta a taku na 24, aka cinye ta a na 25. Fischer ya miƙa wuya bayan taku na 31. Shi ya ɗauki kambun a ƙarshe, da maki 12½ a kan 8½, amma a wannan rana, da aka tashi, sarkinsa na nan a e8, gidan da aka tarar da na basarakan Paris.